ƊAKIN GIRKI: Haɗin Gugguru Na Kallon Finafinan Sallah, Ba Sai Da Obin Ba

    

A 'yan makonnin nan saƙonninku sun taru a gabana, kuma kusan duk kukan ɗaya ne: Anti, me za mu ajiye wa baƙi bana? Wata 'yar uwa ta ce ita amarya ce, wannan ce Sallarta ta farko a gidan miji, ta san dangin miji za su cika mata ɗaki, ga shi ba ta da obin, kuɗin cefanen da aka ba ta kuwa ko na cincin ba zai kai ba. Wata kuma budurwa ce, saurayinta zai zo gaisuwar Sallah da rundunar abokansa, tana tsoron kada ta ji kunya.

Gaskiya ne 'yan uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tsadar kaya take gasa mana aya a hannu. Kek yana son fulawa da ƙwai da bota da obin, obin kuma yana son gas ko wutar da ba ta da tabbas. Cincin da dublan sai sun yi iyo a cikin mai. Amma don Allah kada wata ta je ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin adashe saboda kayan ƙwalama na kwana uku. Daidai ruwa daidai tsaki. Yau na zo maku da haɗin da tukunya ɗaya da kasko ɗaya suka ishe shi, ko a kan gawayi ko risho, kuma gwangwani ɗaya na masara zai fitar da ke kunyar mutum 15 zuwa 20.

GUGGURU DA FIM, ƊAN JUMA NE DA ƊAN JUMMAI

Kada ki ce gugguru abin yara ne, ba ya shiga gaban baƙi. Ku da kuke ma'abota fim ya kamata ku san tarihinsa. A Amurka, farkon buɗe gidajen silima masu gidajen ba sa yarda a shigo masu da gugguru, wai zai ɓata masu kafet, sai dai masu talla su tsaya da shi a bakin ƙofa. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye a 1929, jama'a suka shiga matsi a shekarun 1930, sai ya zama gugguru ne abin da talaka ke iya saye in ya zo kallo. Da masu silima suka ga kuɗin da masu talla ke kwashewa, sai suka jawo sana'ar cikin gida. Daga nan gugguru da fim suka ƙulla zumuncin da har yau bai yanke ba. Kin ga ke nan tun asali abin rufin asiri ne na lokacin babu.

Mu ma nan Sallah lokacin kallo ce. Yayyenku za su ba ku labarin zamanin su Sangaya da Wasila, wajen shekarar 2000, lokacin da furodusoshi ke rige-rigen sakin kaset a kan Sallah, a yi ta cinkoso a shagunan Bata da Ƙofar Wambai a Kano, a dawo gida a taru a ɗaki ɗaya gaban bidiyo. Kaset da faifan sidi sun zama tarihi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan daga 2020 da su Labarina da Izzar So suka fito, finafinai masu dogon zango suka mamaye talabijin da YouTube. Amma zaman nan na bayan an dawo Idi, an ci tuwon Sallah, an baje a falo ana kallo ana musu a kan wane jarumi ya fi wane, yana nan yadda yake. Kuma in dai ana kallo, baki ba ya son zama haka nan.

KAYAN HAƊI

Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda kowace mace take da shi a kicin.

Masarar gugguru, gwangwani 1
Ɗanyar gyaɗa ɓararriya, gwangwani 2
Busasshiyar aya, gwangwani 1
Riɗi, rabin gwangwani
Kwakwa, ƙwallo 1 madaidaici
Busasshen dabino, gwangwani 1
Sukari, gwangwani 1
Bota, babban cokali 2
Man gyaɗa, babban cokali 4
Lemon tsami, rabi
Gishiri
Garin citta ko kirfa, in kina so

Yawancin kayan nan ba na nesa ba ne, kwakwa kuwa tana zuwa mana daga kudu. Gyaɗa tamu ce, mu da muka tara dalarta a Kano. Aya tana fitowa daga ƙasar Katsina da Maraɗi, riɗi ga shi nan jibge a Maigatari, dabino kuma daga Dutse ko Agadas. In kin je saye, ki ce masarar gugguru kike so, domin masarar tuwo ba ta fashewa yadda ake buƙata. Ita ta gugguru ƙanana ce masu sheƙi, ɓawonta mai tauri ne, a cikinta kuma akwai ɗan ruwa kaɗan. In ta ji wuta ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, har sai zafin ya kai wajen digiri 180 sannan ƙwayar ta tarwatse ta ninka kanta fiye da sau 20. Shi ya sa wadda ta daɗe a buɗe ta bushe ƙarau take ƙin fashewa. Ki sayi ta cikin leda ko wadda mai shago ya rufe da kyau.

SIRRIN HAƊIN

Abu biyu nake so ki riƙe kafin ki ɗora tukunya.

Na farko, kada ki zuba sukari da gishiri a kan komai gaba ɗaya. Raba kayan za ki yi gida biyu, ɓangare ɗaya ya sha sukari, ɗaya ya ji gishiri, sai daga ƙarshe ki haɗe su. In baƙo ya ɗebo, wannan ƙwayar zaƙi waccan gishiri, harshe ba ya gajiya. Zaƙi zalla yana ginsar mutum da wuri, gishiri zalla kuma sai ƙishirwa. Ɗan gishiri yana danne ɗaci ya ƙara fito da zaƙi, shi ya sa ko a ɓangaren sukarin za mu barbaɗa ɗan kaɗan.

Na biyu, babban maƙiyin wannan haɗi shi ne danshi. Gugguru da sukari dukansu masu zuƙar ruwa ne daga iska. Duk abin da zai shiga cikin haɗin sai ya bushe ya kuma huce sarai. In kika yi sake, abin da ya kamata ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki sai ya koma kamar ana taunar soso.

YADDA AKE YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaɗa da aya da riɗi da kwakwa ki gama da su tun saura kwana uku ko huɗu, ki bar gugguru da sukari sai jajibiri.

Gyaɗa: Ki baza ta a faifai ki tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Ki tafasa ruwa da gishiri babban cokali ɗaya, ki sauke, ki zuba gyaɗar ta yi minti 10 a ciki, sannan ki tsame ki shanya ta sha iska. Ki ɗora kasko da yashi mai tsabta wanda kika tankaɗe, in ya yi zafi ki zuba gyaɗar kina juyawa ba ƙaƙƙautawa a kan wuta madaidaiciya. Wannan soyayyar ba irin ta fim ba ce, ba ta son a tsaya kallon juna, kina ɗauke ido za ta ƙone. In kin murza ƙwaya ɗaya ɓawon ya fita da sauƙi, cikinta ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi. Ki sauke tun ba ta yi duhu ba, don tana ci gaba da soyuwa da zafin jikinta. In ta huce ki murje ki sheƙe ɓawon.

Aya: Kowa ya san aya da tsakuwa. Ki tsince, ki wanke, ki rege ta kamar yadda ake rege shinkafar gida, sau biyu ko uku. Tsakuwa ɗaya a haƙorin uwar miji ta isa ta rushe duk wahalar da kika sha. Ki shanya ta wuni guda, sannan ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan har ƙamshinta ya tashi.

Riɗi: Ki wanke, ki rege saboda yashi, ki shanya. In ya bushe ki zuba a busasshen kasko kina juyawa. Da ya fara tsalle yana ƙamshi ki juye shi a faranti, ba ya ɗaukar lokaci.

Kwakwa: Ki fasa, ki kankare bayan, ki yanka siri-siri ko ki goga a ɓangaren manyan ƙofofi na abin goga kuɓewa. Ki shanya ta sha rana, sannan ki soya a busasshen kasko da ƙaramar wuta har ta ɗan yi ja ta bushe ƙarau. Kwakwar da ba ta bushe ba ita ce ke fara lalata haɗi.

Dabino: Ki tsaga kowanne ki cire ƙwallon, ki duba ciki da kyau saboda ƙwari, ki yanka ƙanana. Ki zuba shi a kwalbarsa daban, zan faɗa maki dalili a gaba.

Gugguru: Sau biyu za ki yi, rabin gwangwani kowace ɗorawa. Ki sami tukunya mai kauri mai murfi, ki zuba mai cokali 2 da ƙwayar masara uku. In ukun nan suka fashe, mai ya yi zafi. Ki zuba rabin gwangwanin ki rufe, amma ki ɗan karkata murfin kaɗan yadda tururi zai fita, in ba haka ba guggurun zai jiƙe tun a tukunya. Ki riƙa girgiza tukunyar da tsumma a hannu. In kin ji ƙarar ta ja baya, har kina iya ƙirga ɗaya, biyu, uku tsakanin wannan fashewa da waccan, ki sauke ki juye nan take. Tukunyar farko ita ce ta gishiri: ki daka gishiri rabin cokalin shayi ya yi laushi kamar hoda, ki barbaɗa tun guggurun yana da zafi, domin gishiri mai tsaki-tsaki ba ya kama jikinsa, gangarawa ƙasa yake yi. Tukunya ta biyu ki bar ta haka nan. Dukansu ki tsince ƙwayoyin da suka ƙi fashewa ki zubar.

Ruwan sukari: Nan ne wurin natsuwa. Ki shafa ɗan mai a babban kwano na ƙarfe ko silba, ban da roba don narkewa za ta yi. Ki zuba guggurun tukunya ta biyu da rabin gyaɗar da riɗin duka. Ki shafa wa babban tire mai ki ajiye kusa, da muciyarki. Sai ki zuba sukari gwangwani ɗaya a tukunya, da ruwa babban cokali 4, da ruwan lemon tsami cokalin shayi ɗaya. Lemon nan shi ne dai wanda iyayenmu ke matsawa a sukarin dublan, aikinsa ya hana sukarin komawa gari. Ki juya har ya narke, daga nan ki cire cokali ki bar shi ya tafasa da kansa. In ya fara komawa launin zuma, ki ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi. In kin ciro ya miƙe kamar cingam, da saura. In ya daskare ya karye ƙas kamar gilashi, ya yi. Ki sauke, ki jefa bota da ɗan gishiri a yatsu biyu da garin citta ko kirfa. Zai taso da kumfa, ki ja fuskarki baya. Ki juya, ki kwarara a kan kayan kwanon, ki cakuɗa da muciya da sauri kafin ya daskare, ki baza a tire. In ya huce ki ɓaɓɓalla shi da hannu.

Haɗawa: Bayan komai ya yi sanyi, ki zuba mai sukari da mai gishiri da sauran gyaɗa da aya da kwakwa a babban mazubi ki gauraya a hankali. Shi ke nan, kin gama.

In ƙaramar Sallah ce, ki yi aikin gugguru da sukarin bayan an sha ruwa, don ki samu damar ɗanɗanawa.

ADANA SHI

Ki zuba a bokiti mai murfi mai kamawa, ko manyan kwalabe busassu, ko ki ƙulla a leda biyu. Kada ki sa a firij, in aka ɗauke wuta gumi zai yi ya jiƙe. Dabino kuma sai za ki kai wa baƙi sannan ki watsa a sama, saboda duk bushewarsa yana da ɗan danshi a jiki, in suka kwana tare gugguru zai zuƙe ya saki. Haka zabibi in kin samu.

Ki lura da yanayin gari. Sallah tana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar ta zo ƙarshen Maris, lokacin zafi da busasshiyar iska, babbar kuma ta faɗo farkon Yuni, bakin damina. A lokacin rani haɗin yakan yi mako guda garau in an rufe shi. Da damina kuwa ki yi daidai na kwana uku, kuma ki ƙuƙƙulla a ƙananan ledoji yadda ba sai ana buɗe bokiti kowane lokaci ba. In layya ce, ki nisanta shi da inda ake suyar nama, tururi da ƙauri suna kama shi.

Wajen kai wa baƙi, kada ki dire babban kwano a tsakiyar falo, kafin a gama waƙar farkon fim yara sun share shi. Ki zuba wa kowa a ɗan kofi ko ƙaramin faranti, ki haɗa da zoɓo mai sanyi ko lemon citta ko shayi. Yaran da suka zo barka da Sallah kuma ki miƙa masu ƙulli ɗai-ɗai, ya rage maki neman canji.

SAMARI, KU MA BAN MANTA DA KU BA

Na san akwai gwauraye da ɗalibai masu leƙa wannan shafi a ɓoye. Malam, kai ma za ka iya. In dafa sukari ya fi ƙarfinka, ka sayi gugguru mai sukari wajen masu injin, ka haɗa da soyayyar gyaɗa mai gishiri da ƙuli-ƙuli da ka farfasa ƙanana da yankakken dabino, ka barbaɗa ɗan yajin tsire. Minti 10 ka gama, 'yan majalisa su sha mamaki. In Hajiya ta ba ka ragowar cincin, shi ma ka watsa a ciki.

A KULA DA WAƊANNAN

Wannan ɓangaren ba na wasa ba ne, don Allah a karanta.

Duk gyaɗar da kika ga ta motse, ko ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore, ko tana warin fumfuna, ki zubar da ita. Fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin, mai lalata hanta a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. Araha ba ta ado a nan, gara ki sayi kaɗan mai kyau.

Dafaffen sukari yana kai digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi. Ki kori yara daga kicin, kada ki yi aikin da goyo, kada ki sa yatsa don ɗanɗanawa. In tsautsayi ya gitta, ki sakar wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na minti 20. Ban da makilin, ban da ƙwai ko manja. In ƙunar babba ce a tafi asibiti.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi gyaɗa ko aya ko gugguru, yana iya ƙwarewa ƙwayar ta toshe masa hanyar numfashi, ranar murna ta koma ta kuka. A ba su dabino mai laushi da aka cire wa ƙwallo aka yanka ƙanana. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi sam, da sun ci sai kumburi da ƙaiƙayi, wani har numfashinsa ya sarƙe. Ki faɗa wa baƙo abin da ke ciki kafin ya sa hannu.

Iyayenmu masu ciwon sukari ko hawan jini, ki ware masu gugguru da gyaɗa tun kafin ki sa komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce sukari wajen giram 50 a rana, kimanin cokalin shayi 12, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Gwangwanin sukarinmu bai kai giram 150 ba, in aka raba wa mutum 15 kowa bai sha giram 10 ba. Matsalar sai in mutum ɗaya ya rungume bokitin ya ce sai ya ga ƙarshen zango na uku.

Ga mai neman na kashewa kuma, wannan haɗi sana'a ce. In kin gwada a gida hannunki ya faɗa, ki ƙulla a ƙananan ledoji masu kyau ki kai shagon unguwa ko gidan kallo ko wajen masu tura finafinai a waya. Ki fara da kaɗan, ki lissafa abin da kika kashe har da gawayi da leda kafin ki yanka farashi.

To 'yan uwa, a nan zan dasa aya. Duk wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ya kasance, wadda kuma take da irin nata haɗin na garinsu, musamman 'yan uwanmu na Damagaram da Kumasi da Garwa, ta aiko mu ƙaru da juna. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake zoɓo da kunun aya su kwana ba su yi tsami ba ko da babu wuta.

A yi kallo lafiya, amma a tashi a yi sallah in an kira, fim ba ya guduwa. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Taku har kullum.